Guguwar da ke kan fiffike: abin da ya daɗe yana hana helikwafta gudu

A ranar 11 ga Agusta, 1986, wani helikwafta ƙirar Lynx na kamfanin Westland ya tashi a kudu maso yammacin Ingila, matuƙinsa Trevor Egginton ya kai shi gudun kilomita 400.87 a awa a saman fadamun Somerset. Yau kusan shekara arba'in ke nan, kuma a hukumance babu helikwaftan da ya ture shi daga wannan matsayi. A tsawon waɗannan shekaru an ƙera injuna masu ƙarfi da rashin nauyi, an samu kayan ƙira da suka fi ƙarfe ƙwari, kwamfuta ta shiga kowane lungu na aikin injiniya, jirgin fasinja kuma kullum yana yin ninkin wannan gudu ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. To me ya tsare jirgi mai saukar ungulu a wuri ɗaya? Ruwa ba ya tsami banza. Matsalar ba a inji take ba. Tana kan farfela, a gefen da fiffike yake komawa baya, kuma duk abin yana faruwa ne cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Kowane reshe na babbar farfelar helikwafta fiffike ne, siriri mai tsawo, wanda ake juyawa don ya samu iska ko jirgin yana tsaye cak. Mu ɗauki Black Hawk na sojojin Amurka, tunda shi ne aka fi aunawa. Fukafukansa huɗu ne, daga tsakiyar farfela zuwa bakin kowanne mita 8 da ɗoriya, faɗinsa kuma ya ɗan haura rabin mita. Farfelar tana zagaye 258 a minti, wato bakin fiffike yana keta iska da gudun kusan kilomita 795 a awa. Idan jirgin yana shawagi a wuri ɗaya, kowane fiffike iska iri ɗaya yake sha a duk zagayensa. Da zarar ya miƙe gaba, a ce da gudun kilomita 280, lissafi ya canza. Fiffiken da ke tafiya gaba, gudun jirgin ya hau kan nasa, ya zama 1,075. Wanda ke komawa baya kuwa a cire masa, ya rage 515. Ƙarfin da fiffike ke ɗaga jirgi da shi ba ya bin gudu sau ɗaya, sau biyu yake bin sa: in gudu ya ninka, ƙarfin ya ninka huɗu. Ke nan da za a bar fukafukan yadda suke, gefe ɗaya zai fi ɗaya ɗagawa fiye da sau huɗu, jirgin ya kife. Kusa da gindin fiffike mai komawa baya ma, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, iskar ta baya take shigo masa gaba ɗaya.

Maganin da aka samu tun zamanin Juan de la Cierva na Sifen, a farkon shekarun 1920, shi ne a bar fiffike ya riƙa hawa da sauka a kan maɗauri, daga baya kuma aka ƙara da juya shi a gindinsa a kowane zagaye. A gefen gaba yana kwantar da goshinsa ya ɗan shafi iska kawai, a gefen baya yana ɗaga goshi sosai don ya rama abin da ya rasa na gudu. Saboda haka fiffiken helikwafta ba ya taɓa zama a kusurwa ɗaya. Fiye da sau huɗu a kowace daƙiƙa yana ɗaga kai yana sunkuyarwa. Duk bayanin da ke tafe a kan wannan kaɗawa ya rataya.

Wanda ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san rabin zancen. Ka ɗan karkata hannun, iska ta ɗaga shi. Ka ƙara, ta ƙara. Can sai ka kai wani wuri da ɗagawar ta ɓace, iskar ta koma tura hannun baya kawai. Haka fiffike yake. Mafi yawan ƙarfinsa daga doronsa yake fitowa, inda iska ke lanƙwasawa ta bi goshi da sauri, matsinta ya ragu, ta riƙa zuƙar fiffiken sama. Amma akwai wata siririyar shimfiɗar iska da ke manne da fatar fiffike, wadda gogayya ta rage wa gudu. Ludwig Prandtl ne ya fara bayyana ta a wani taro a Heidelberg a 1904. Bayan ta wuce goshi, wannan shimfiɗa tana shiga wurin da matsi ke ƙaruwa, kamar mai keke da ya fuskanci hawa a gajiye. In kusurwa ta yi yawa hawan ya fi ƙarfinta, ta tsaya, ta fara komawa baya, sai iskar gaba ɗaya ta saki doron fiffike. Matuƙan jirgi suna ce wa wannan sitol, mu kira shi suɓucewar iska. A fiffike mai siffar NACA 0012, wanda aka daɗe ana sa wa helikwaftoci, suɓucewar tana zuwa ne wajen digiri 15 ko 16 idan an ɗaga kusurwar sannu a hankali.

Sharaɗin ke nan: sannu a hankali. Duk teburan lissafin da aka cika littattafai da su a farkon ƙarni na 20, an samo su ne ta hanyar kafa fiffike a bututun gwajin iska, a tsayar da shi a kusurwa ɗaya, a jira komai ya lafa, a rubuta. A 1932 wani Bajamushe mai suna Max Kramer, yana binciken abin da bugun iska na ba-zata ke yi wa jirgi, ya lura cewa idan kusurwa ta ƙaru farat ɗaya, fiffike yana wuce iyakar da tebur ya yanka masa ba tare da iskar ta suɓuce ba, kuma ƙarfin ɗagawarsa ya haura duk abin da aka taɓa gani yana tsaye. Wato iska tana makara. Ba ta amsa kusurwar da fiffike yake a yanzu, tana amsa hanyar da ya biyo kafin ya zo nan. Wannan ita ce ƙashin bayan maganar, kuma a ganina wanda ya riƙe ta ya riƙe fannin duka.

Makarar iri biyu ce, kuma bai kamata a gwama su ba. Ta farko tana nan ko iska ba ta suɓuce ba. Ja ludayi a cikin kunu ka tsaya, za ka ga 'yan ramuka suna juyi a inda gefen ludayin ya bari. Haka fiffike, duk lokacin da ƙarfin ɗagawarsa ya canza sai ya yar da wani juyin iska a wutsiyarsa, juyin kuma yana rage tasirin canjin har sai iska ta tafi da shi nesa. Herbert Wagner ya lissafa wannan a 1925, ya nuna cewa in aka canza kusurwa nan take, rabin ƙarfin da ake sa rai kawai ake samu da farko, sauran ya taru a hankali yayin da fiffike ke ci gaba da tafiya. A 1935 Theodore Theodorsen, ɗan asalin Norway da ke aiki a cibiyar Langley ta Amurka, ya warware lissafin fiffike mai kaɗawa sama da ƙasa, kuma har gobe da lissafinsa ake fara koyar da ɗalibai. Daga nan aka samu ma'aunin da ake kira k, wanda ke kwatanta lokacin da iska ke ɗauka ta ƙetare faɗin fiffike da lokacin da fiffiken ke ɗauka ya yi kaɗawa ɗaya. In k bai kai 0.05 ba, iska tana da sararin daidaita kanta, tsohon tebur zai yi aiki. In ya haura, makara ta fara magana, in ya kai 0.2 kuwa ita ce ke jan ragama. Fiffiken Black Hawk, a kashi uku cikin huɗu na tsawonsa, yana wajen 0.04 idan jirgin yana tsaye a sama, amma a gefen baya lokacin gudu yana haura 0.07, kusa da gindi kuma ya fi haka nesa, domin iskar da yake samu ta ragu alhali kaɗawar ba ta ragu ba.

Makara ta biyu ita ce ta suɓucewar kanta, kuma a nan lissafin Theodorsen ya tsaya, domin shi ya ɗauka iskar tana manne har abada. Bari in bi abin daki-daki yadda aka gan shi a gwaji, a fiffiken da ake kaɗawa tsakanin digiri 5 da 25.

Fiffike yana ɗaga goshi, ya wuce digiri 15, babu abin da ya faru a fili. Ƙarfin ɗagawa yana ta hawa kamar babu iyaka. A ƙarƙashi dai ɓarna ta fara: can wajen wutsiya, iskar da ke manne da fata ta soma komawa baya, wannan komawa kuma tana rarrafowa zuwa goshi. Sai dai siririya ce, iskar da ke samanta ba ta riga ta ji ba. Da digiri ya haura 20, sai shimfiɗar da ke goshi ta ɓalle, amma maimakon ta watse sai ta naɗe kanta ta zama guguwa ƙwaya ɗaya, kwance a kan doron fiffike kamar tabarmar da aka naɗe. Duk wanda ya ga guguwar bazara tana tsince leda da kara a fili ya san cikinta zuƙa take yi. Ita ma wannan haka take. Tana zaune a doro tana zuƙar fiffike sama, ƙarfin ɗagawa ya ƙara tsalle, har yakan haura iyakar da aka sani da rabi, wani lokaci ya kusa ninka ta. Da abin zai tsaya a nan da an ce alheri ne.

Amma guguwar ba ta zama. Tana girma, ta saki goshi, ta gangara zuwa wutsiya da gudun da ke tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabin gudun iskar waje. Ga inda haɗarin yake. An ƙera fiffiken helikwafta ne ta yadda cibiyar ƙarfin da ke kansa za ta zauna kusa da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa daga goshi, daidai layin da yake juyawa a kai, don kada iska ta riƙa murɗa shi. Da guguwa ta ja zuƙarta zuwa baya, cibiyar ta bi ta, sai ya zama kamar an sa hannu an finciki wutsiyar fiffike sama, goshi ya dungura ƙasa da ƙarfi. Abin lura shi ne murɗawar tana riga faɗuwar ƙarfin ɗagawa zuwa. Fiffike yana kan ganiyar ɗagawa ne a daidai lokacin da ake murɗe shi. Sannan guguwa ta fice ta wutsiya, zuƙa ta ɓace, ƙarfin ɗagawa ya faɗo warwas, turjiyar iska ta yi sama. A fiffike mai faɗin rabin mita, daga ɓallewar guguwa zuwa ficewarta abin da ya ɗan haura kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne. Ni a wurina babu kwatancen da ya fi bashi dacewa da wannan: iska ta ranta wa fiffike ƙarfin da ba nasa ba, ta dawo karɓa tun bai gama ƙirgawa ba, ta haɗa da na aljihunsa.

Ba a nan ta ƙare ba. Fiffike ya fara sunkuyar da goshi, ya dawo digiri 15 inda a da komai ke lafiya, amma iskar ba ta dawo ba. Sai ya sauka ƙasa da haka sosai sannan ta fara mannewa, daga goshi zuwa wutsiya, a hankali. Hanyar zuwa daban, hanyar dawowa daban. In aka zana ƙarfin murɗawa a kan kusurwa, ba layi ɗaya ake gani ba, madauki ake gani, wani lokaci mai harɗewa kamar lamba 8. Injiniyoyi suna duban ta wace fuska madaukin ya zagaya. In ya bi ɗaya fuskar, iska tana shanye kaɗawar fiffike tana kwantar da ita. In ya bi ɗaya, iska ce ke ƙara wa kaɗawar ƙarfi a kowane zagaye, kamar mai tura yaro a kan lilo daidai lokacin da ya dace. Fiffike kuma ba sandar ƙarfe ba ce, yana da taushin murɗuwa. Guguwa ta murɗa shi, ya murɗo da kansa ya wuce inda yake, ya sake haifar da wata guguwar. A haka zagaye ɗaya na farfela zai iya ɗaukar suɓucewa biyu ko uku a jere. Duk wannan bugu yana sauka ne ta 'yan sandunan da ke juya gindin fukafukai, ya shiga faifan sarrafawa, ya kai ga na'urorin mai da ke riƙe da shi. Ƙarfe yana gajiya, kuma gajiyarsa ba ta ba da sanarwa. Sau da yawa abin da ke yanke wa helikwafta iyakar gudu a takardar masu ƙira shi ne nauyin da waɗannan sanduna za su iya jurewa, tun kafin a kai inda jirgin zai kasa ɗaga kansa.

An daɗe ana jin wannan a jiki kafin a gane shi. A ƙarshen shekarun 1960 Franklin Harris da Richard Pruyn na kamfanin Boeing Vertol suka nuna cewa farfela tana ɗaukar nauyin da ya wuce abin da teburan fiffike tsayayye suka ce za ta iya. A daidai wannan lokaci Norman Ham na jami'ar MIT ya danganta murɗawar da ke wahalar da fukafukai da guguwar da ke fita daga goshi. Amma aikin da ya kafa fannin da ƙafafunsa shi ne na William McCroskey da Lawrence Carr da Kenneth McAlister a cibiyar Ames da ke Kalifoniya, inda sojojin Amurka da hukumar NASA ke aiki tare. Sun shafe shekarun 1970 suna kaɗa fukafukai a bututun gwaji, a 1982 kuma suka fitar da sakamakon siffofi takwas daban-daban. Sun raba abin gida biyu: suɓucewa mai sauƙi, inda fiffike ya ɗan leƙa bayan iyaka ya dawo, da mai zurfi, inda guguwa ke girma har kaurinta ya kai faɗin fiffiken. Abin da ya fi jan hankalina a sakamakonsu shi ne, in suɓucewa ta yi zurfi, yadda ake kaɗa fiffike ya fi siffarsa tasiri. Mai ƙira zai iya gyara goshi ya jinkirta zuwan guguwa, amma in ta riga ta tashi, kusan duk fukafukai ɗaya suke a gabanta. Akwai kuma wani abin da ya ƙara dagula lamarin. Iskar da ke zagaye goshi tana ninka gudunta sau da yawa, ta yadda ko fiffike yana tafiya da kashi uku ko huɗu cikin goma na gudun sauti, a ɗan wurin nan iskar tana iya haura gudun sauti, ta haifar da 'yan ƙananan girgizar matsi da ke fizge ta daga fata da wuri. Daidai wannan gudu kuwa fiffike mai komawa baya yake aiki.

Gani ya kori ji. Tsakanin 1993 da 1994 NASA da sojojin Amurka suka ɗauki Black Hawk guda, suka dasa na'urorin auna matsi 242 a fiffike ɗaya, suka riƙa tashi da shi. A wani gwaji da matuƙi ya finciko jirgin sama har nauyinsa ya ninka sau biyu da ɗoriya, William Bousman ya bi sawun ma'aunan ya gano suɓucewa uku a zagaye ɗaya, biyu a gefen baya inda ake tsammani, ɗaya kuma a farkon gefen gaba inda ba a sa rai. Har yau duk wanda ya rubuta sabuwar manhajar lissafin farfela, da waɗannan ma'aunai ake gwada shi.

Matuƙi ba ya ganin guguwa, jin ta yake yi. Jirgi ya fara kakkarwa, sandar tuƙi ta yi nauyi ko ta riƙa bugawa, hanci ya ɗaga, jirgin ya nemi kishingiɗa ta gefen fiffike mai komawa baya. A jiragen Amurka gefen hagu ne, a na Rasha da Faransa irin su Mi-17 da Super Puma kuwa dama ne, domin farfelarsu ta ɗaya fuskar take juyawa. Abin da ake koya masa shi ne ya sassauta sandar hagu da ke ƙara kusurwar fukafukai gaba ɗaya, ya rage gudu, ya sassauta kwanar da yake sha. Abubuwan da ke jawo ta sanannu ne: kaya mai nauyi, gudu, kwana mai tsanani, iska mai bugu, da iska marar kauri. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye. A Kano, mai tsayin kusan mita 480 daga teku, ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, kaurin iska yana raguwa da wajen kashi 13 cikin ɗari idan aka kwatanta da ma'aunin da ake rubuta ƙarfin jirage da shi. Fiffike dole ya ƙara kusurwa ya cike giɓin, ke nan ya matso kusa da iyaka tun kafin jirgin ya fara gudu. Gudun da ya halatta da sanyin asuba ba lallai ya halatta da azahar ba, shi ya sa teburin iyakar gudu da ke manne a gaban matuƙi yake tafiya da zafi da tsayi da nauyi.

Masu injinan lantarki na iska su ma sun gaji wannan ciwo. Iskar sama ta fi ta ƙasa gudu, alƙiblarta tana sauyawa kafin injin ya juyo ya fuskance ta, ga bugu na ba-zata, saboda haka kusurwar da fiffike ke gani tana hawa da sauka a kowane zagaye, musamman kusa da gindi inda yake da faɗi kuma ba ya gudu. Injinan 37 masu kilowat 275 kowanne da aka kafa a Lambar Rimi ta jihar Katsina masu fiffike biyu ne da ke juyawa a bayan turakunsu, wato duk zagaye sai kowane fiffike ya ratsa inuwar iskar turke, kusurwarsa ta yi tsalle ta dawo. Injin Darrieus mai juyawa a tsaye kamar maburgi ya fi kowa shan wahala, domin in iska ta yi ƙarfi fukafukansa suna shiga suɓucewa mai zurfi ta fuska biyu a kowane zagaye.

Daga wannan fanni ne aka samu darasin da nake ganin ya kamata kowane ɗalibin injiniya ya sani. A shekarar 2000 cibiyar binciken makamashi ta Amurka, NREL, ta kai injin iska mai faɗin mita 10 cikin ƙaton bututun gwaji na Ames, mai faɗin ƙafa 120 da tsayin ƙafa 80, ta auna komai. Sannan ta gayyaci ƙwararru daga Amurka da Turai, ta ba su siffar injin da gudun iskar, ta ɓoye sakamako, ta ce kowa ya lissafa. A yanayi mafi sauƙi, iska tana zuwa kai tsaye babu suɓucewa, hasashen ƙarfin da injin zai bayar ya kama daga kashi 25 zuwa 175 cikin ɗari na abin da aka auna. Da iska ta yi ƙarfi suɓucewa ta shigo, ya kama daga 30 zuwa 275. Waɗannan ba koyo suke yi ba, su ne manyan fannin. Hanyoyin lissafin da ake amfani da su a masana'antu, irin wadda Tom Beddoes na Westland da Gordon Leishman suka fitar a 1989, ko ta cibiyar ONERA ta Faransa, dabaru ne masu kyau ƙwarai. Suna kwaikwayon kowane mataki, makarar matsi, makarar shimfiɗa, tafiyar guguwa, kowanne da ɗan lokacinsa. Sai dai waɗannan lokuta daga gwaji ake ciro su, a kan wani fiffike, a wani gudu. In aka kai su inda ba a gwada ba, sun zama ƙiyasi. Manyan kwamfutoci yanzu suna iya bin iskar ɗigo-ɗigo, kuma sun matso ƙwarai, amma daidai lokacin da guguwa za ta ɓalle da lokacin da iska za ta sake mannewa har yanzu suna ba su wuya. Gwaje-gwajen baya-bayan nan ma sun nuna cewa ko a bututun gwaji, zagaye biyu a jere ba sa fitowa iri ɗaya, ta yadda tsohuwar al'adar tara zagaye da yawa a ɗauki matsakaici tana iya ɓoye bugun da ya fi kowanne muni, alhali shi ne ke karya ƙarfe. Don haka ban yarda da injiniyan da zai sa hannu a kan ƙirar fiffike da hoton kwamfuta kaɗai ba, komai kyan launukansa.

Akwai masu rai da suka daɗe da shawo kan wannan guguwa. Shekaru da yawa lissafin fiffike tsayayye yana kasa bayyana yadda ƙwari ke ɗaukar nauyin jikinsu. A 1996 Charles Ellington da abokan aikinsa a Kambirij suka busa hayaƙi a kan wani babban malam-buɗe-littafin dare, suka kuma ƙera ƙaton kwaikwayonsa na inji, suka ga guguwa kwance a goshin fiffike duk tsawon bugunsa na ƙasa. A 1999 Michael Dickinson a jami'ar Berkeley ta Amurka ya nutsar da fukafukan ƙuda na roba cikin tankin mai, yana kaɗa su a hankali, ya tabbatar da ita ya kuma auna ƙarfinta. Daga baya aka same ta a jemage, da tsuntsaye masu saurin tashi, har da 'ya'yan wasu itatuwa masu faɗowa suna juyi. Bambancin shi ne tasu ba ta gudu. Fiffiken ƙwaro gajere ne, yana juyawa a kan gindinsa, juyin da kwararar iska daga gindi zuwa baki suna hana guguwar kumbura har ta ɓalle, kuma kafin ta yi nisa ma bugun ya ƙare an juya. Abin da ke karya sandar helikwafta, shi sauro yake hawa ya zo kunnenka.

Masu ƙira sun bi hanyoyi biyu. Wasu sun nemi su lallashi guguwar. Bakin fiffiken Lynx ɗin nan na 1986, wanda aka ƙera ƙarƙashin shirin BERP na Birtaniya, faffaɗa ne kamar filafilin kwale-kwale, da ɗan tsagi a inda faɗin ya fara. A gefen gaba, karkacewarsa da sirantarsa suna rage masa wahalar kusantar gudun sauti. A gefen baya kuma tsagin da lanƙwasar baki suna haifar da juyin iska mai zama daram, wanda ke riƙe iska a kan bakin fiffike ya hana suɓucewar da ta taso daga ciki ta mamaye shi. A Jamus, masu bincike na cibiyar DLR a Göttingen sun kwaikwayi ƙulle-ƙullen da ke gefen hannun wata ƙatuwar dabbar teku, suka manna 'yan ƙananan robobi a goshin fukafukan helikwafta Bo 105 suka tashi da shi, don su farfasa babbar guguwa ta zama ƙanana marasa ƙarfin murɗawa. An gwada goshi mai sunkuyawa da kansa, an gwada busa iska ta 'yan ramuka. Da yawansu suna aiki a bututun gwaji, amma abin da zai zauna a fiffiken da ke zagaye 258 a minti, cikin ruwa da rairayi, shekara da shekaru, ba shi da yawa.

Wasu kuma suka ce a daina tambayar fiffike mai komawa baya abin da ba zai iya ba. Kamfanin Sikorsky ya ɗora farfela biyu masu tauri, ɗaya a kan ɗaya, suna juyawa saɓanin juna, ta yadda kowane gefe na jirgin yana da fiffike mai tafiya gaba da zai ɗauki nauyi, masu komawa baya kuma su kwantar da goshi su wuce hannu rabbana. Da wannan tsari, da farfelar turawa a wutsiya, jirginsu na gwaji X2 ya kai kilomita 463 a awa a watan Satumba na 2010. Kamfanin Eurocopter ya sa wa nasa X3 gajerun fukafukai tsayayyu da farfela biyu a gefe don su karɓi wani kaso na nauyin, ya kai kilomita 472 a awa a watan Yuni na 2013. Sun wuce gudun Lynx, amma ba a hukumance ba. Dukansu biyu, da gudu ya yi nisa, rage juyin babbar farfela suke yi don kada bakin fiffiken gaba ya cim ma gudun sauti, kuma suna iya yin hakan ne kawai saboda an riga an sauke wa na baya kayansa.